Reshen da Gwaggo Eduvigis Ta Sata

Shekara talatin da ɗaya gwaggona Eduvigis Cárcamo ta yi tana tsaron ɗakin kayan tsintuwa a tashar motar Paillaco, ko allura ba ta taɓa kaiwa gida ba. Ta taɓa bin wani mutum har Valdivia da lema, lemar da shi kansa ya jefar don ta karye. Mutuniyar kirki ce, irin kirkin da ke gajiyar da dangi.

Da kakarmu ta rasu, 'yan'uwan Gwaggo suka sayar da gidan ga Don Belarmino Oyarzún, tsohon tela da matarsa ta rasu. A tsakar gidan akwai bishiyar kameliya mai jan fure, wadda kaka ta dasa da hannunta. Bishiyar kaɗai Gwaggo ke so. Amma ko yaron goye a garinmu ya san reshen da aka ba ka kyauta ba ya kamawa in ka dasa. Sai na sata.

A ƙarshen zafi ake yanka, wanda a ƙasarmu cikin Maris yake faɗowa, sa'ad da sabon reshe ya fara tauri. Shekara uku a jere tana zuwa da almakashi a aljihu, kuma kullum da ta miƙa hannu ta kan shinge sai taga ta buɗe, Don Belarmino ya leƙo.

"Doña Eduvigis, shigo mana! Ɗebi son ranki, naki ne."

Haka za ta dawo da dami guda, fuska kamar an aiko mata da rasuwa. Ta yi komai bisa ƙa'ida: ta yanka a karkace, ta rage ganye biyu ta datse rabinsu, ta soka cikin yashi da ruɓaɓɓen ganye, ta kifa gorar roba a kai. Kafin tsakiyar sanyi duk sun yi baƙi.

A shekara ta huɗu Don Belarmino ya sanar cewa ranar Asabar zai sare bishiyar ya gina garejin mota. Ba shi da mota. Na gaya wa Gwaggo haka, na kuma tambaye ta me ya sa take zuwa sata ƙarfe huɗu na yamma daidai, lokacin da duk unguwa ta san yana zaune bakin taga da buta a wuta. Ta ce in wanke bakina.

Ranar Laraba ta tafi da ni, ta ƙwanƙwasa ƙofarsa.

"Don Belarmino, alfarma nake nema. Ka hana ni."

"Na hana ki," ya ce yana murmushi, ya miƙo mata almakashinsa na ɗinki. "Wannan ya fi naki kaifi."

"Hanin da aka roƙa ai kyauta ne. Da gaske nake so."

"To yaya zan yi? Ba na jin haushinki."

Ta dube shi tun daga silifas har sanƙo. "Shekara huɗu kana dafa ruwan mutum biyu. Don bishiya nake zuwa. Kai da turken shinge duk ɗaya kuke a wurina. Wandon da ka ɗinka wa ƙanena ma, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Ban san wanne ya fi shigarsa ba, amma ina zargin wandon. Ya karɓe almakashinsa, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarta, ya sa kwaɗo a ƙofar shinge.

Washegari da hantsi, mace mai shekara sittin da bakwai ta taka bokiti ta haura shingen, ta yanko rassa tara, ta bar rabin siket a jikin waya. Ta dasa su, ta wanke hannu, ta sake kaya, ta wuce ofishin 'yan sanda ta kai ƙarar kanta. Ba za ta iya kwana da kayan wani ba a rubuta ba.

Ɗan sandan ya juya biro. "Doña, nawa ne kuɗin abin?"

"Ba ya sayuwa."

"To ki mayar."

"Ka taɓa ganin an mayar wa bishiya reshe?"

Ya aika aka kira Don Belarmino. Ya iso da hula a hannu, ya ga ƙuje a gwiwarta, fushin kwana ɗaya ya narke. Ina kallo ya buɗe baki.

"Ni dai na ya…"

"Kul!" Gwaggo ta miƙe. "Ka yafe, sun zama kyauta. Ko kwana ba su yi a ƙasa ba."

"Ranka ya daɗe," ɗan sandan ya ce, "ka yafe mu tafi cin abinci."

Don Belarmino ya daɗe yana murza bakin hularsa. "Wata nawa suke yi kafin su yi saiwa?"

"Uku. Wani lokaci huɗu."

"In kuma aka yafe bayan sun yi saiwar?"

"Ba wanda ya taɓa gwadawa."

Ya gyara tsayuwa. "Rubuta. Wannan mata ɓarauniya ce, ban yafe ba. Kuma zan riƙa zuwa kullum ina duba kayana."

Bishiyar kuwa ya sare ta ranar Asabar, don ya riga ya faɗa a gaban mutane. Garejin na nan, baro yake ajiyewa a ciki.

Cikin Yuli Gwaggo ta ɗan ja rassan ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suka biyo hannunta, biyu suka ƙi, sun yi saiwa. Yau sun kai ƙugu, kuma ba wanda ke da zuciyar gwada yafiya a kansu. Don Belarmino yana zuwa, ya tsaya kan tukwanen ya ce, "Sannu, ɓarauniya, ban yafe ba." Ita kuma ta ce ya goge ƙafa kafin ya taka mata daɓe.