Hannun Hamani da shawarar da na ba shi

Har yau ranar da buhunan shinkafa suka zubo wa Hamani a hannu ba ta fita raina ba. Lokacin ni ne shef, wato shugaban masu lodi, a magazan, ma'ajiyar kayan wata sosete, kamfanin da ke shigo da shinkafa da sukari, can wajen Gaweye.

Ga wanda bai san aikin ba, mu kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka ɗauka dindindin, irina: muna da hutu, ana yi wa iyalinmu magani, ana zuba mana a kes, wato asusun da ke riƙe ma'aikaci in ya tsufa ko ya ji ciwo a bakin aiki. Akwai kuma ƴan kontara, waɗanda ake sabunta wa takarda lokaci zuwa lokaci. Su ma suna cikin kes, amma kullum ransu a hannu yake. Al'adar gidan ita ce ɗan kontara ba ya ciwo, ba ya ƙorafi. Ba wanda ya taɓa faɗin haka, kowa dai ya sani.

Hamani Bazabarme ne daga Lamorde, ni Bagobiri, don haka tsokana ce gaisuwarmu. Ya daɗe yana kontara, a watan nan kuma ake batun mayar da shi dindindin. Muna sauke kamyo, babbar motar kaya, sai jerin buhu ya goce. Na tarar da shi tsugune ya rungume hannun dama, yana gumi.

"Bagobiri, yau bawanka ya karya maka kaya," in ji shi, yana ƙoƙarin dariya.

Ƙa'ida ita ce in kai shi biro, wato ofis, nan take, a shaida haɗarin aiki ne, a kai shi likita. Sai na tuna wasu da suka kai ƙara ba a sake kiransu ba. Na ja shi bayan kamyo na ce, "Rufa wa kanka asiri. In patoro mai gidan ya ji, maganar dindindin ta mutu. Je wurin maɗori, ni zan ce rasuwa aka yi muku a ƙauye."

"Kana ganin haka ya fi?"

"Na girme ka a gidan nan," na ce.

Ya je aka ɗora shi da karare. Abokan aiki suka rufe bakinsu, kowa na ganin taimako muke yi. Da ya dawo, hannun ya kame a karkace, yatsu ba sa damƙa. Ya ɗaga buhu ya suɓuce a gaban shef personel, mai kula da ma'aikata, Madam Rabi. Ta kira mu biro, a nan na faɗi gaskiya.

Ta ce, "Baba Sani, da kun zo ranar, kes ce za ta yi masa magani, ta kuma riƙa ba shi wani abu saboda hannun. Yanzu lokacin shaidawa ya wuce, kai da bakinka kuma ka ce ƙauye ya tafi. Me zan kama?"

Ban san ko da mun shaida za a sabunta masa kontara ba. Mai yiwuwa tsorona gaskiya ne. Amma da ya fita da hannu mai aiki da hakkinsa. Haka aka sallame shi, ya fita ba ko ɗaya.

Bayan na aje aiki na gan shi a bakin gada yana gadin babura. Na miƙa hannu, sai ya ba ni tsintsiyar hannunsa, don tafin ba ya buɗewa. Na fara neman gafara ya katse ni.

"Bar shi, Bagobiri. Laifina ne, wa ya taɓa zuwa wurin Bagobiri neman hankali?"

Ya yi dariya, ni na kasa.

Ku da kuke shef yanzu, abin da na koya ke nan. Mu masu lodi muna son juna, amma tsoro ne ya koya mana irin taimakon da muke yi. In mutum ya ji ciwo a hannunku, ku kai shi biro ko yana roƙonku ku yi shiru. Asirin da na rufa, na sosete ne, ba na Hamani ba.