Tururuwa Cikin Nonona

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ban saka komi nan ba. Masu aiko min saƙo kuna tambaya ko lahiya, ku gahwarta min. Jinya muka yi, ni da ɗiyata.

Ba ni hwaɗin sunanta, kun san ɗiyar hwari.

Na haihu lahiya lau gidan mijina, ƙauyenmu kusa da Urno. Shi yana can wurin bidar kuɗi Abijan, daga ni sai uwa tai, Inna. Kwana huɗu da haihuwa kan nonona na hagu ya tsage. In yarinya ta kama, ji nike kamar ana yanka ni da reza. Sai in cije zane. Ban gaya ma kowa ba, ina jin kunya a ce ina ƙorahi kan ɗiyar hwari. Na riƙa janye ta da wuri, ita kuma ta yi ta kuka.

Bayan suna Inna tac ce: "Kukan ga ba na banza ba na. A gwada nonon."

Ta sa na tatsa cikin ludayi, ta kamo tururuwa bakin rumbu ta jehwa ciki. In ta hita da ƙahwarta, nono na da kyau. In ta mutu, mugu ne.

Muna kallo ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta tsaya.

Inna ta dahe kai. 'Ya'yanta ukku sunka rasu suna goye, ba mugunta ta sa ta ba, tsoro ne. Ran nan anka raba ni da yarinya, anka koma ba ta nonon akuya da ruwan dabino. Ni kuma anka jiƙa min saiwa in sha, wai ta wanke nono.

Nonon ya cika, ba mai sha. Ya kumbura ya yi tauri kamar dutsi, ya yi ja. Zazzaɓi ya kama ni, rana tsaka ina rawar ɗari cikin bargo. Yarinya ta hwara zawo. Kwana shidda, maɗigarta ta loɓa, kukan ma ta daina. Shirun nan ya hi kukan ban tsoro.

Likitar Urno, ƙaramin asibitinmu, sunka duba mu, sunka ce mu wuce Madawa.

Can anka ɗora yarinya bisa sikeli, ta kasa nauyin da anka haihe ta da shi. Anka sa mata ruwa. Ni kuma lokotoro, babban mai duba marasa lahiya, ya taɓa nonon na hagu yac ce ruwa ya taru ciki, sai an tsaga. Anka tsaga. Kullum da sahe pansama, wato wankin ciwo, a ciro auduga cikin ramin a tura sabuwa. Ban taɓa sanin ina da murya haka ba. Tunkiyata guda ta tahi wurin magani da allurai.

Akwai wata sajifam, ungozomar asibiti, doguwa, mai hwaɗa amma mai kirki. Tac ce min: "Ɗiyata, mi ya hana ki ba ta nono?"

Inna ta amsa: "Malama, mugu na. Mun gwada, tururuwa ta mutu."

Sajifam ba ta yi gardama ba. Tac ce: "Inna, kawo nonon akuyar da ke cikin kwalbarki." Ta zuba cikin murhin kwalba, ta hita gindin iccen bedi ta kamo tururuwa ta jehwa.

Tururuwa ta yi ta juyi. Ta tsaya.

"To Inna, akuyar ma mugun nono gare ta? Nutsewa ta yi, baiwar Allah. Ko ke anka jehwa ki rijiya ai haka za ki yi."

Matan ɗakin sunka yi dariya. Inna ba ta yi ba. Ta kalli murhin, tac ce a hankali: "Haka anka gwada min, ni ma."

Har yau in na tuna maganar ga sai idona ya cika.

Amma wahala ba ta ƙare ba, don nonona na dama ya kusa ƙahewa. Mijina ya kira yac ce: "Ki bari haka nan, kin sha wuya. Zan riƙa aiko na madarar gwangwani." Wallahi na so in ce to. Na gaji, ina tsoron bakin yarinya kamar wuta. Sai na tuna ruwan rijiyarmu, na tuna watan da aike bai zuwa. In gwangwani ya ƙare ranar da babu, mi zan ba ta?

Na ce ma sajifam a gwada maido da nonon.

Sunka manna min wani siririn tiyo bisa kan nono, ɗayan bakin cikin kohin madara. Tana tsotsa tana samun madara, nonon kuma yana tashi. Kwana tara muna haka, ina kuka tana sha. Inna ke riƙe kohin.

Ran na goma anka cire tiyon, na ji tana haɗiya, ƙwat, ƙwat. Nawa ne.

Na hagu bai dawo ba, ya shanye, ga tabo. Da guda nike shayarwa. Yarinya har yanzu ba ta kamo tsaranta ba, duk wata in za mu awo gabana na hwaɗuwa. Amma tana ƙaruwa, tana dariya.

Na gode ma Allah, na gode ma sajifam ɗin nan da matan ɗakinmu da sunka riƙa ba ni kunu.

'Yan uwana mata, in nono ya tsage ko ya yi tauri, ku hwaɗi tun ranar, ku tahi likita. Kunya ta ci min nono guda. Wadda kuma likita ta ce ta bari don lalura, kada ku zarge ta, ba ku san abin da ta gani ba.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu ta haihu, anka zo kiran Inna ta gwada nono. Ta ɗauki mayahinta tac ce: "Ni na bar kashe tururuwa. Ku miƙa mata ɗanta ya sha."