Idon da Aka Kafa wa Mma a Tsakar Gida

Akwai abin da in na tuna shi, ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya na nemi wuri na zauna. Shekaru sun wuce amma raina bai gama hucewa ba, kuma ban ga ranar da zan manta da shi ba. A gidanmu na unguwar Maamobi ya faru, shekarar da Baaba ya rasu, lokacin Mma tana cikin takaba.

Mu biyu Mma ta haifa, ni da yayana da ke Jamus. Takardunsa ba su bar shi ya zo ko ta'aziyya ba, abin kuwa ya tsaya masa a rai. Kullum sai ya bugo: Mma ta ci abinci? Ta sha maganin hawan jini? Ni kuma tun safe ina shagon ɗinkina a kasuwar Nima, ba koyaushe nake da amsa ba. Daga nan ya ce a kafa kyamara a tsakar gida ya riƙa ganinta ta wayarsa. Ya ba ɗan kawunmu aikin, mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwar wayoyi ta Circle, wanda in ya fara surutu sai ka rantse shi ya haifi intanet.

Ɗan kawun ya zo da wata tsohuwar kwamfuta ya ajiye a ɗakin Baaba, ya ja waya zuwa kyamarar da ya maƙala a saman ƙofar kicin. Ya ce ya sa mata Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, na kyauta, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya duba ya gyara. Har da buga ƙirji: "Sista, wannan ba mai iya shiga koraa, ko kaɗan. Ƙarfe ne."

Mma ba ta so ba da farko. Mace ce da ko kafin takaba ba a ganin gashinta a zaure, balle yanzu da ba namijin da ke wuce ƙofar ciki sai muharrami. Tambaya ɗaya ta yi masa: "Wa zai gan ni?" Ya ce, "Ɗanki kawai, Mma. Wallahi shi kawai." Ɗan ƙaninta ne, a bayanta ya girma, ya kuma rantse da Allah. Sai ta ce to.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ta zo ta so abin nan. Kowace safiya in ta idar da lazimi sai ta fito ta ɗaga wa kyamarar hannu, ta ce, "Ka tashi lafiya?" In na kawo mata koko da ƙosai sai ta ɗaga kwanon sama, wai ɗanta ya gani ta ci. Lokacin zafi ne, ɗakinmu kamar tanda, don haka a tsakar gida take wuni da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali. A nan nake tsefe mata furfura, a nan nake shafa mata man kaɗe a baya da gwiwoyi. A nan take kukan Baaba in ta ɗauka ba kowa.

Wata ranar kasuwa maƙwabciyarmu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta same ni a shago. Ba ta ko zauna ba, ta ja ni bayan keken ɗinki ta rage murya. Ta ce mijinta, direban motar haya ta trotro, ya tsaya shan shayin ataya a wani bes, wato majalisar samari, a Nima, ya tarar ana ta miƙa waya hannu zuwa hannu ana dariya. Wani shafi ne da aka tara kyamarorin mutane na ƙasashe daban-daban, ka latsa ka leƙa gidan wanda ba ka sani ba. Da ya duba sai ya gane shuɗin tankin ruwanmu da hasumiyar masallacin bayan gida. "Mma ne, sista," in ji ta. "Ba hijabi, ba komai. Ya ce in gaya miki yanzu-yanzu."

Ban san yadda na iso gida ba. Na dai san na bar shago a buɗe da rigar amarya a kan keke. Na tarar da Mma tana gyangyaɗi a tabarma, zani ya zame mata. Na hau turmi na fizge wayar kyamarar har da ƙusoshinta, sannan na kira ɗan kawu na ce in bai zo yanzu ba, ni zan same shi a Circle a gaban abokan sana'arsa.

Ya zo yana gumi. Muka shiga ɗakin Baaba ya kunna allon kwamfutar, sai ga dogon jerin gyare-gyare suna jiran a sauke su, wasu da jan rubutu. Na ce ya yi mini bayani da Hausa, kada ya kawo mini Turancin Circle. Ya ce masu yin irin wannan manhaja ba sa ɓoye aibinta. In an gano kafar da ɓarawo zai iya bi, sai su toshe, su sanar wa duniya: ga ramin, ga inda yake, ga abin cike shi, kowa ya sauke kyauta. Manhajar da ke nuna hoton kyamararmu tana da irin wannan kafa, an kuma sanar da ita tun tuni. Masu gyara suna karanta sanarwar, ɓarayi ma suna karantawa, sai su saki na'ura ta bi intanet tana ƙwanƙwasa ƙofofi, duk wadda ba a toshe ba sai ta faɗa ciki.

Na ce, to me ya hana tamu toshewa? Ya sunkuyar da kai. Wai shi ya kashe sabuntawar da hannunsa, don tana cin data, kuma sau ɗaya ta taɓa ɗauke hoton har sai da ya biyo cunkoson mota ya zo ya gyara.

"Ka san da ramin?"

"An yi maganarsa a guruf ɗinmu na masu gyara. Na ce zan zo, aiki ya yi yawa paa. Sista, tsautsayi ne. Su ma masu manhajar, me ya sa za su faɗa wa kowa?"

A nan ne na manta Mma tana tsakar gida. Na ce masa kada ya ƙara ambaton tsautsayi a ɗakin ubana. Mutanen da ba su san mu ba, ba mu biya su ko sisi ba, sun yi shela sun ce bangonku ya tsage, ga siminti. Kai da ka ci tuwon gidan nan ka ji, ka juya baya, yanzu kana zagin mai shela don ƙadangare ya shiga? Na faɗi maganganu da yawa ranar, wasu ba su dace da bakin mace mai sallah ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Da na juyo sai na ga Mma a bakin ƙofa, ta jawo labule ta rufe ƙirjinta. Ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta dube shi ta ce, "Gaisuwar da nake yi da safe, su nake gaisarwa?" Ta koma ɗaki ta sa babban hijabinta na zuwa Idi, ta fito ta zauna cikin zafin nan da shi.

Mun cire kyamarar, mun kwashe kwamfutar, har ramin ƙusa na cike. Takaba ta ƙare, shekaru suka biyo baya, amma Mma ba ta sake zama a tsakar gidanta da kai a buɗe ba. Kitso a ɗaki muke yi, ƙofa a rufe, taga a rufe. In yayana ya kira ta bidiyo sai ta kife wayar a tabarma ta ce, "Muryarka ta ishe ni." Mutumin da ya kafa kyamara don ya riƙa ganin uwarsa kullum, tun ranar bai sake ganin fuskarta ba.

Abin da na koya, ɓarnar da aka yi maka shelarta ka ƙi tashi, ba ƙaddara ba ce, sakaci ne, kuma sau da yawa ba mai sakacin ke biyan kuɗinsa ba. Yanzu ko wayata ce ta ce a sabunta, ina ajiye almakashi in yi a take. Kwamfuta in ta tsage ana iya toshe ta da latsawa ɗaya, amma natsuwar tsohuwa a cikin gidanta, na nema har na gaji, ban samu inda ake sauke ta ba.