Wa Kike Ciyarwa?

Ranar da na san abin da ake biyan abokin aikina, muna tsaye ne a bakin wani lambatu da muke ginawa a bayan Kasuwar Muda Lawal, takalmanmu duk caɓi. Damina ce, ruwan safe ya cika ramin da leburori suka haƙa, muna jiran injin da zai zuƙe shi. Ni da shi ajinmu ɗaya a jami'a, tare muka karanta aikin injiniya na gine-gine da hanyoyi, kuma rana ɗaya wannan kamfani ya ɗauke mu. Ba tambayarsa na yi ba. Shi ne ya fara ƙorafin tsadar rayuwa.

Ya ce, "Injiniya, ke kam yaya kike yi? Ni wallahi albashin nan ko tsakiyar wata ba ya kai ni." Sai ya faɗi abin da ake ba shi.

Na ɗauka kunnena ne, na ce ya maimaita. Ya maimaita. Tazarar ba ƙarama ba ce, ta isa ta riƙe wani gidan. Da ya dubi fuskata ya gane ɓarin bakin da ya yi, sai ya juya ya hau wani lebura da tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ba zan ce na fi shi iya aiki ba. Daidai muke, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Lissafin rodi da siminti tare muke yi, idan kankare ya tsage tare ake kiranmu a wanke mu. Kullum daga Ƙofar Ran nake shiga keke da hular kwano a cikin jaka, in tsaya a rana ina jayayya da birkiloli waɗanda sai na faɗi magana na sake faɗi kafin su motsa. Shekaru ina haka, ina ma godiya, ina ganin an yi mini alfarma da aka ɗauki mace.

Mu biyu ne mata injiniyoyi a kamfanin. Ɗayar ta girme ni, Kirista ce daga kudancin jiharmu, aikin lantarki take yi. Mijinta soja ne, ya rasu a bakin aiki, ta fita daga barikin Shadawanka ta kama haya a nan kusa, ita da 'ya'yanta. Anti nake kiranta. Washegari na same ta a ofis na gaya mata abin da na ji. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na daɗe da sani," in ji ta.

Na ce, "Anti, kin sani kika yi shiru?"

"To me zan yi? Ke kina da miji. Ni in aka kore ni, wa zai biya wa yaran nan kuɗin makaranta?"

Na roƙe ta mu shiga wurin mai kamfanin tare, ta ce in yi haƙuri. Na koma wurin abokin aikin nawa, na ce ba na so ya ce komai, ya dai tsaya a gefena kawai. Ya ce shi bai tuna ya faɗa mini wani adadi ba, wai ƙila ban fahimce shi ba ne. Mutumin da na sha ba shi littafina ya kwafa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi a makaranta.

Ni kaɗai na shiga. Alhaji, mai kamfanin, dattijo ne mai fara'a, irin mutanen da ba sa ɗaga murya. Ya sa aka kawo mini lemo. Na gaishe shi kamar yadda ake gaida uba, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wa ya faɗa miki wannan magana?"

"Ranka ya daɗe, gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce?"

"Shi abokin aikin naki magidanci ne. Yana da mata da yara, ga iyaye. Ke wa kike ciyarwa? Ci da sha da sutura ai duk a wuyan mijinki suke. Abin da muke ba ki na kwalliya ne da biki."

Ina da amsa. Mahaifina tela ne, ciwon ido ya raba shi da keken ɗinki, ni ce nake riƙe da gidanmu, ni nake biya wa ƙannena makaranta. Amma na ƙi faɗa. Ban zo neman sadaka ba, balle in baje talaucin gidanmu a kan teburinsa ya auna ko na cancanta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, lambatun da nake ginawa bai san ko ina da miji ba. Kuma in maganar ciyarwa ce, ga Anti can, marayu take riƙo, ita ma ba a ba ta na magidanci ba."

Murmushin ya ɗauke. Ya ce shi ba ya son fitina a kamfaninsa, kuma karatun boko ba hujjar rashin kunya ba ne. Ya ce in je, zai duba. Lemon na nan ban taɓa ba na fito.

Ya kuwa duba. A taron ma'aikata na gaba aka sanar cewa duk wanda aka ji yana maganar albashi da wani, a bakin aikinsa. Sannan aka ɗauke ni daga wurin gini aka mayar da ni ofis, wai rana ta yi wa mace yawa, a bar ni in huta. Da haka ɗan alawus ɗin fita aiki ma ya tafi. Na shiga neman ƙari, na fito da ragi. Lambatun da na faro tun daga awon ƙasa, abokin nawa ne ya ƙarasa shi, shi ne a hoto ranar da aka miƙa aikin.

Abokin nawa ya daina gaishe ni, wai na jawo masa faɗa. Anti ma ta yi fushi don na ambace ta a gaban Alhaji ba da izininta ba. Sauran mazan kuwa, da na shigo sai hira ta mutu. Har mai shayin bakin ƙofa ya ji labari, wata safiya ya ce mini, "Hajiya, a riƙa haƙuri, mace ba ta ja da maza." Na ajiye masa kofinsa, ban sake shan shayinsa ba.

Mijina malamin makaranta ne, mutum mai sanyin hali. Ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma ba zan ci gaba da zama a wurin ba. Na daure har na samu gurbi a wani ƙaramin kamfani mai aikin ruwan sha a ƙauyuka. A wurin ganawar ɗaukar aiki na tambaye su kai tsaye nawa suke biyan namiji mai irin takarduna. Suka dubi juna, ɗayansu ya yi dariya, amma suka faɗa. Ban tabbata gaskiya suka gaya mini ba, har yau ban tabbata ba. Abin da wancan wurin ya bar mini ke nan: ba na yarda da kowa a kan wannan magana.

Ranar da zan tafi, Alhaji ya ce ƙofarsa a buɗe take, ni 'yarsa ce. Na ce na gode, don an koya mini ladabi a gida.

Bara na haɗu da tsohon abokin nawa a layin masu atamfa a kasuwa. Ya yi ƙiba, an ce yanzu shi ne babban injiniyan kamfanin. Ya washe baki ya ce, "Injiniya! Kwana biyu. Abin da ya wuce ai ya wuce, ko?"

Na ce, "A wurinka."

Ya tsaya yana jiran in yi dariya. Na juya na ci gaba da cinikin atamfata, har ya gaji ya wuce.