Tatsuniyar da Kaka Ta Ƙi Ƙarasawa

Kakarmu Hajiya Dije ba ta taɓa yarda da hitar ɗumama gidanmu na East Greensboro a Amurka ba. Cewa take zafin da ba a ganin harshensa ƙarya ne. Shi ya sa da sanyi ya kama, babban yayanmu Nasiru zai hura mata wuta a rabin durom a bayan gida, mu kewaye ta bayan isha'i. Ita tana zuba Hausa, mu muna amsawa da Turanci, tana kiranmu kurame masu baki.

Daren da za a wayi gari Yaya Nasiru ya koma barikinsu, daga can a wuce da su Iraƙi, ta ɗauko wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Wani gari ne wutarsa ta mutu ƙurmus, ba a girki, jarirai na kwana da ɗari. Wani saurayi ya ce zai haye kogi ya ɗebo wuta a garin dodanni. A bakin ruwa wata tsohuwa ta gargaɗe shi cewa duk wanda ya haye, inuwarsa a nan take tsayawa. Ya yi dariya ya haye. Ya sato garwashi a kasko, ya juyo da gudu, dodanni na bin sa, ga inuwarsa can tsallake tana jiran sa.

Nan Kaka ta katse tatsuniyar. Na ga ta kalli Yaya Nasiru, ya durƙusa yana gyara itace. Muka dame ta da tambaya, har shi ma yana tsokanarta wai tsufa ya cinye ƙarshen.

Ta ce, “Nasiru, sauran sai ka dawo. Ba mai jin sa sai kana zaune a nan.”

Tun daga ranar ba ta sake yi mana tatsuniya ba. Duk motar da ta rage gudu a layinmu, sai ta ɗaga labule. Ni kuwa haushinta nake ji, don na ɗauka rowa ce kawai. Da bazara wata mota ta tsaya, sojoji biyu cikin kayan sarki suka fito, suka nemi ganin Baba. Labarin rasuwar Yaya Nasiru suka kawo.

Na girma ina zaton dabara ta yi don ta ja shi gida. Sai da ta kwanta ciwon ajali na tambaye ta yadda saurayin ya ƙare. Ta ce wutar ta iso gari, kaskon ne ya taso a kan ruwa shi kaɗai.

“Na fara ban tuna ƙarshenta ba, Hadiza. Ina tsaka na tuna, ga yaron a gabana.”

Yanzu 'ya'yana ke neman tatsuniya a wurina. Kafin in buɗe baki, sai na bi labarin a zuciyata har ƙarshe, sannan in dubi wanda ke zaune a gabana.