Kalmar da lauya ya ɓoye wa Inna

Shekarun baya, ƙanena ya yi faɗa da wani masunci a bakin gulbi a Argungu, a kan wurin jefa taru. Ya kwaɗa masa sandar tuƙin jirgi, bayan kwana biyu mutumin ya cika. Aka kawo shari'ar Birnin Kebbi.

Ni a aji uku na ajiye boko, mahaifiyata ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Duk zaman kotu muna bencin baya, muna kallon bakin lauyanmu. A zaman ƙarshe kafin hukunci ya yi ta zuba Turanci, sau uku yana faɗin wata kalma, gibbet. Duk ya faɗe ta sai alƙali ya ɗago kai. Tafinta bai fassara ba. Na ari biro na rubuta ta da ajami a tafin hannuna.

Na ajiye Inna a gidan yayata a Badariya, na shiga wurin maƙwabcinsu, tsohon malamin makaranta, Kirista mutumin Filato. Na karanta masa. Ya ɗauko ƙamus mai kauri ya yi ta buɗawa, can ya tsaya, ya rufe.

"Ka ci abinci kuwa?"

"Malam, ba cin abinci ya kawo ni ba."

"Itacen da ake rataye mutum ne," in ji shi. "A da can Turawa har barin gawar suke yi a kai, jama'a su gani. Yanzu ba mai faɗinta sai a littafi. Lauyanku roƙo yake kada a kai ƙanenka can."

Ni da nake cewa Inna abin ba zai wuce shekara biyu ba.

A motar Argungu ta juyo. "Kai, mi lauya yac ce?"

"Ya ce a ci gaba da addu'a."

Na dunƙule hannuna har gida, kamar in ta karanta za ta gane. Kwana goma sha huɗu ban ci tuwon kirki ba, ita kuwa tana ta soya wa ɗanta kifi a kai masa.

Ranar hukunci alƙali ya ce ba kisan ganganci ba ne, shekara bakwai. A waje na tare lauya.

"Barista, ashe rataya ake magana, ka yi ta ɓoye muna?"

"Tsohuwa tana bayana," in ji shi. "Da na ce hangin, ko mai tallan goro ya san rataya ke nan. Alƙali nake so ya ji, ba ita ba."

Ƙanena ya fito, yana can gulbi yana sunsa. Inna ta rasu ba ta taɓa sanin inda aka kusa kai ɗanta ba. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina: mutum ya rufa mana asiri da Turancinsa, ni na je na tone da hannuna. Amma da za a sake, zan sake tambaya. Dole wani a gidanmu ya ji tsoron nan, kuma gara ni da ita.