Hannayen Malam Sada

Shekara goma sha huɗu Malam Sada Auta ya yi yana koyar da darasin addini a wata firamare cikin garin Daura, ba a taɓa jin ra'ayinsa a kan komai ba. Matsoraci ne na bugawa a jarida. Tsoronsa kuwa ɗaya ne: kada a kai ƙararsa ofishin ilimi, a cilla shi ƙauyen bakin iyaka.

Da aka ƙaddamar da Shari'a sai kowane uba ya zama malami. Yaro na dawowa za a tsare shi a zaure, "Yaya aka ce ku yi salla?" Iyayen kuwa gida biyu ne, masu kabalu da ke ɗora hannu a ƙirji, da masu sadalu da ke sakinsa. Kowane ɓangare yana da nasa a ofis.

Sai gogan naka ya ɓullo da dabara. In darasin salla ya zo, ya koyar da niyya da kabbara, ya yi ɗan tari, ya tsallaka zuwa ruku'u. Ran nan Haulatu 'yar aji biyar ta ce, "Malam, to hannun fa?" Ya ce, "Hannu naki ne, je ki tambayi babanki." Shi kansa a sahun ƙarshe yake tsayawa, ya ƙudundune cikin babbar riga don kada a ga hannunsa. Har fankama yake yi wa matarsa Lami, wai duk Daura ba wanda ya kai shi iya zama da jama'a.

Ranar taron iyaye da malamai azahar ta riske su a makaranta, limamin unguwa kuma ya tafi jana'iza. Hedimasta ya ce, "Ga malamin addini muna neman liman? Bismillah, Malam Sada." Ya ce gwiwarsa na ciwo, aka ce ba komai. Ya ce ba shi da alwala, aka miƙo masa buta. Ga shi ranar, saboda zafi, 'yar shara ce a jikinsa.

Ya tsaya gaba, sahu uku a bayansa, kowa ya zuba ido. Ya yi kabbara, hannayen suka maƙale a sama, gumi na bin ƙeyarsa. Can dai, don Allah ku ji wauta, ya ɗora na dama a ƙirji, ya saki na hagu. Haka ya kai raka'a huɗu.

Ana sallamewa kowa ya miƙe ya sake sallarsa. Kafin la'asar masu kabalu da masu sadalu sun zauna tabarma ɗaya sun rubuta takardar ƙara, abin da ba su taɓa haɗuwa a kai ba.

Sati biyu aka yi takardar canji ta fito, wata makaranta can wajen Kongolam a bakin iyaka, kuma darasin lissafi aka ba shi. Yana ɗaure katifa a bayan babur yana ce wa Lami, "Ni fa har yanzu ban ga wanda na ɓata wa ba."